Wasan Farko da Hukuncin Ƙarshe: Darasi Daga Nima

A ranar 14 ga Nuwamba, 2019, Ghana ta karɓi baƙuncin Afirka ta Kudu a filin wasa na Cape Coast, a wasan neman gurbin shiga gasar cin kofin nahiyar Afirka. Thomas Partey ne ya ci ƙwallon farko. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, koci Kwesi Appiah ya sako wani matashi ɗan shekara 19 wanda bai taɓa sanya rigar babbar tawagar ƙasar ba, wato Mohammed Kudus, haifaffen unguwar Nima a birnin Accra. Kafin alƙalin wasa ya hura tashi, yaron ya zura ta biyu, aka tashi 2-0. Shekara biyu bayan haka, ranar 21 ga Nuwamba, 2021, a birnin Genoa na Italiya, José Mourinho ya ɗauko wani ɗan Ghana daga benci, Felix Afena-Gyan mai shekara 18, ana saura kamar minti 15 a tashi kuma babu wanda ya ci. Yaron ya ci biyu, ta biyun ma daga nesa ya ɗauko ta, Roma ta yi nasara 2-0. Washegari duniya ta ga Mourinho ya cika alkawarin da ya yi masa na sayen takalmi mai tsada.

Da a lokacin za a ce wa mai kallo ya zaɓi wanda zai fi yin nisa tsakanin yaran biyu, da wuya ya tsallake Afena-Gyan. Ƙwallo biyu a gasar Serie A, a ƙarƙashin ɗaya daga cikin fitattun masu horarwa na duniya, sun fi ƙwallo guda a wasan share fage ɗaukar ido. Amma ƙwallayen nan biyu su ne kaɗai Afena-Gyan ya ci wa Roma a gasar. A watan Agustan 2022 aka sayar da shi ga Cremonese, ba a tafi da shi gasar cin kofin duniya ta Qatar ba, kuma zuwa 2024 yana wasa aro a ƙaramar tawagar Juventus a rukuni na uku. Kudus kuwa ya wuce Ajax, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a Qatar, ya koma West Ham a 2023, sannan Tottenham ta saye shi a 2025 kan kuɗin da aka ruwaito sun kai fam miliyan 55.

Matsayin wannan rubutu shi ne: bajintar wasan farko hujja ce da ta isa a ba yaro dama ta biyu da ta goma, amma ba ta isa a yanke hukunci a kan makomarsa ba. Shaida ɗaya ce. Ana sauraronta, ana rubuta ta, sai dai ba a rufe shari'a da ita.

Dalilin da ya sa tambayar ta shafi zango

A unguwannin zango na Accra, irin su Nima da Maamobi da New Town, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da na majalisa tsakanin ƙabilu masu yawa, ƙwallon ƙafa ya wuce abin nishaɗi. Yana ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin da yaro ɗan talaka ke hangen zai fitar da gidansu daga ƙunci. Gasar yara ta unguwa, wadda a Ghana ake kira colts, ita ce makarantar farko. A ƙungiyar Strong Tower ta Nima Kudus ya fara, kuma daga ita Majeed Ashimeru ya taso har ya kai Anderlecht ta Beljiyam. A filaye irin na Kawukudi, yaro na iya cin ƙwallo uku da yamma, kafin sallar isha'i labarinsa ya zagaya majalisun ataya, kafin wayewar gari hoton bidiyonsa ya kai wayoyin 'yan kasuwar Circle.

A Amurka akwai tsarin da ƙungiyoyin ƙwallon ƙasar ke bi duk shekara suna zaɓen matasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kammala ba a kira sunansa ba, shi ne wanda ba a zaɓa ba, kuma yakan shiga ta ƙofar baya idan ya samu mai gwada shi. Ghana ba ta da wannan tsari, amma tana da makamancinsa. Makarantun horar da 'yan wasa, da tawagogin ƙasa na 'yan ƙasa da shekara 17 da 20, da manyan ƙungiyoyi irin Hearts of Oak da Asante Kotoko, su ne masu tankaɗe da rairaya. Mafi yawan yaran zango ba sa cikin waɗanda aka zaɓa. Idan ɗayansu ya samu rana guda ya haskaka, nauyin da ake ɗora wa wannan rana yakan fi ƙarfinta: uba ya fara tunanin cire yaro daga makaranta, uwa ta taɓa jarinta, dangi su haɗa kuɗi su miƙa wa dillalin da ya yi alkawarin gwaji a Turai. Saboda haka, sanin abin da wasa ɗaya ke iya nunawa da abin da ba ya iya nunawa magana ce ta dukiyar gida da ilimin yaro.

Yadda wasa ɗaya ke ruɗar mai kallo

Abu na farko shi ne ƙarancin ƙwallaye. A gasar cin kofin duniya ta 2022 an ci ƙwallo 172 a wasa 64, wato ƙasa da uku a kowane wasa, tsakanin 'yan wasa 22 da waɗanda suka canje su. Abin da ke faruwa jefi-jefi irin haka, sa'a tana da babban rabo a cikinsa. Ƙwallo ta bugi turke ta shiga ko ta bugi turke ta fita, tazarar ba ta wuce faɗin yatsa ba, amma a bakin jama'a ita ce ke raba gwani da wanda bai iya ba.

Ga misali na lissafi, wanda aka ƙirƙira domin fahimta kawai. A ɗauka matasa 100 ne suka buga wasansu na farko. A cikinsu 10 gwanaye ne na gaske, masu cin ƙwallo sau ɗaya a kowane wasa uku. Sauran 90 matsakaita ne, masu ci sau ɗaya a wasa goma. A ranar farko, kimanin uku daga cikin gwanayen za su ci, tara kuma daga cikin matsakaitan za su ci. Ke nan a cikin mutum 12 da za a kwana ana yabo, uku ne kacal gwanaye. Wannan lissafi yana koyar da abubuwa biyu a lokaci guda. Ƙwallon ranar farko ta ɗaga zaton gwaninta daga ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin huɗu, don haka ba banza ba ce. Amma har yanzu uku cikin huɗu na waɗanda suka ci ba su ne ake nema ba, kuma gwanaye bakwai sun koma gida babu wanda ya ambaci sunansu.

Masana ƙididdiga sun daɗe da sanin wannan. A 1886 Francis Galton, ɗan Ingila, ya lura cewa 'ya'yan mutane masu tsananin tsawo galibi dogaye ne, amma ba sa kai iyayensu. Sukan karkato zuwa matsakaicin tsawon jama'a. Haka abin yake ga duk sakamakon da ya haɗa iyawa da sa'a. Ranar da mutum ya yi abin da ya wuce misali, mafi yawan lokuta iyawarsa da sa'arsa ne suka haɗu, kuma sa'a ba ta sa hannu a kwantiragi. Idan wasa na biyu da na uku ba su kai na farko ba, ba lallai ne yaron ya lalace ko girman kai ya shige shi ba, kamar yadda ake saurin faɗa a gidajen kallo. Sau da yawa ya dawo matsayinsa na asali ne kawai.

Abu na biyu shi ne cewa baƙo yana da garkuwar da ɗan gari ba shi da ita. Masu tsaron baya ba su san ƙafar da ya fi so ba, ba su san inda yake juyawa ba, kuma masu nazarin bidiyo ba su da abin da za su nuna musu. Idan daga benci ya shigo, ya tarar da mutanen da suka yi fiye da awa guda suna gudu, shi kuwa da ƙarfinsa. Wannan garkuwa ba ta wuce 'yan makonni. Da zarar an san shi, sai a toshe masa hanyar da ya saba bi, a nan ne ake gane ko yana da wata.

Abu na uku yana cikin ƙwaƙwalwar masu kallo. Ana tuna wanda ya fara da kyau ya ƙare da kyau, domin labarinsa yana da daɗin bayarwa. Ana mantawa da wanda ya fara da kyau ya ɓace, haka nan ana mantawa da cewa wasu manyan sun fara da tuntuɓe. Lionel Messi ya fara buga wa Ajantina wasa a watan Agustan 2005 da ƙasar Hungary, bai cika minti biyu a fili ba aka ba shi jan kati. Thierry Henry ya buga wa Arsenal wasa takwas a 1999 bai ci ko ɗaya ba, daga baya ya zama wanda ya fi kowa ci mata ƙwallo a tarihi, da 228. Shi kansa Kudus, wasansa na farko a gasar Denmark, kwana uku bayan ya cika shekara 18, Brøndby ce ta doke ƙungiyarsa Nordsjælland 2-0.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu ganin cewa ranar farko tana faɗin gaskiya suna da abin kafa hujja, kuma bai kamata a raina shi ba. Za su ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Za su kawo Marcus Rashford, wanda aka sa a wasa ranar 25 ga Fabrairu, 2016, don kawai Anthony Martial ya ji rauni ana motsa jiki, ya ci Midtjylland biyu, bayan kwana uku ya ci Arsenal biyu, ya zo ya ci wa Manchester United ƙwallo sama da ɗari. Za su kuma ce masu zaɓe suna kuskure, kuma gaskiya ne. Sheffield Wednesday ta sallami Jamie Vardy yana ɗan shekara 16, ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyin da ba na ƙwararru ba, daga bisani ya ɗauki kofin Firimiya da Leicester a 2016, ya kuma zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kakar 2019/20 yana da shekara 33. A Amurka, babu ƙungiyar da ta zaɓi Kurt Warner a 1994. Sai da ya yi aikin jera kaya a kanti, amma a kakar 1999 ya zama gwarzon gasar, ya jagoranci St. Louis Rams ta ɗauki kofi.

Duk wannan haka ne. Sai dai a ƙungiyar da Rashford ya fito, shekara bakwai kafin shi, an yi Federico Macheda. Ranar 5 ga Afrilu, 2009, yana ɗan shekara 17, ya shigo daga benci ya ci Aston Villa ƙwallon da ta ba United nasara 3-2 ana dab da tashi, bayan kwana shida ya sake cin Sunderland. Larabarsa ta yi kyau kamar ta Rashford, amma bai taɓa zama ɗan wasan da United ke dogaro da shi ba. A Amurka ma, kusa da labarin Warner akwai na Jonas Gray, shi ma wanda ba a zaɓa ba, wanda a watan Nuwamban 2014 ya kai ƙwallo gidan abokan karawa sau huɗu a wasa ɗaya yana buga wa New England Patriots, kuma kafin shekara ta zagayo ƙungiyar ta sallame shi. Idan alama guda ta bayyana ga wanda ya ɗore da wanda bai ɗore ba, to ba ita ce ke bambanta su ba. Dole a nemi bambancin a wani wuri.

Abin da hujjar wannan ɓangare ta tabbatar shi ne wajibcin buɗe ƙofa. Yaron da babu makarantar da ta ɗauke shi, babu dillalin da ke tsaya masa, ba shi da wata takardar shaida sai abin da ya yi a fili. Kocin da ya ga irin wannan bajinta ya kau da kai yana cewa sa'a ce kawai, ya yi zalunci kuma ya yi asara. Ɗaya cikin huɗu rabo ne mai tsoka a harkar da ake neman mutum ɗaya cikin dubbai. Kuskuren yana zuwa ne lokacin da aka mayar da buɗe ƙofa naɗin sarauta.

Inda ya kamata a duba

Farkon abin dubawa shi ne abin da ya gabaci ranar. Wanda jama'a ba su sani ba, ba lallai ne ya kasance ba shi da tarihi ba. Kafin daren Cape Coast, Kudus ya yi shekaru a makarantar Right to Dream, wadda Tom Vernon ya kafa a 1999, sannan ya yi fiye da shekara guda yana karawa da manya a babbar gasar Denmark, kuma a wannan kakar ta 2019/20 ya ci ƙwallo 11 a gasar. Kafin Leicester ta sayi Vardy a 2012, ya ci wa Fleetwood ƙwallo 31 a kaka ɗaya. Warner ya yi shekaru yana wasa a ƙananan gasa. Ga waɗannan mutane, ranar da duniya ta gan su ci gaban wani dogon aiki ce da ake yi a bayan fage. Afena-Gyan kuwa daga gasar makarantun sakandare a Berekum aka gano shi, ya isa Roma a farkon 2021, kuma watanni kaɗan ya yi a tawagar matasa kafin daren Genoa. Ba laifinsa ba ne, amma ma'anarsa ita ce ƙwallayensa biyu sun tsaya kusan su kaɗai, babu dogon tarihin da zai mara musu baya.

Na biyu, a duba abin da ya yi a mintocin da bai ci ƙwallo ba. Ɗan wasa yakan taɓa ƙwallo sau da dama a wasa, kuma a cikin waɗannan taɓawa ne ake ganin abin da ke maimaituwa: yadda yake tarbar ƙwallo idan an matsa masa, ko yana ɗaga kai ya duba kafin ta iso, inda yake tsayawa idan ba ta wurinsa, da abin da yake yi idan ta ƙwace masa. Waɗannan halaye ba sa dogara da turke ko kuskuren mai tsaron raga. Abin da masu lura suka daɗe suna faɗa game da Kudus shi ne wuyar ƙwace ƙwallo a ƙafarsa da iya juyawa a ƙuntataccen wuri, kuma ana ganin wannan a ranar da ya ci da ranar da bai ci ba. Bidiyon minti ɗaya da ke yawo a waya yana yanke duk wannan ya bar ƙwallon kaɗai, wato yana zubar da hujja mai ƙarfi ya riƙe mai rauni.

Na uku, a jira a ga abin da zai yi bayan an san shi. Wasa na goma ya fi na farko faɗin gaskiya, kaka ta biyu kuma ta fi ta farko. Ɗan wasan da ke da hanya guda tak zai tsaya cak ranar da aka toshe ta. Kudus ya buga tsakiya, ya buga gaba a Ajax a kakar 2022/23, ya buga gefe a West Ham, kuma a kowane matsayi ya samu abin yi.

Na huɗu, a ga yadda zai tashi idan ya faɗi, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ajax ta sayi Kudus a watan Yulin 2020 kan Yuro miliyan 9. Ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara, a wasansa na farko a gasar Zakarun Turai, da Liverpool, ya ji rauni a gwiwa tun a mintocin farko, ya yi watanni yana jinya. Wani raunin ya hana shi zuwa gasar Afirka da aka yi a Kamaru a farkon 2022. Kusan shekara biyu ya yi tsakanin jinya da benci. A watan Satumban 2022 ya je Anfield ya ci Liverpool ɗin, ranar 28 ga Nuwamba kuma ya zama ɗan Ghana na farko da ya ci ƙwallo biyu a wasa ɗaya a gasar cin kofin duniya. Waɗannan shekaru biyu na shiru sun fi daren Cape Coast bayyana ko wane ne shi, kuma babu yadda za a yi a karanta su a wasan farko.

Na biyar, a duba wurin da ya faɗa. Baiwa ba ta girma a sarari. Tana buƙatar koci mai haƙuri da mintocin wasa a kai a kai. Nordsjælland ƙungiya ce da aka gina kan renon matasa, kuma masu Right to Dream ne suka mallake ta tun ƙarshen 2015, don haka Kudus ya samu tsani mai matakala kusa da kusa. Afena-Gyan ya tsinci kansa a babbar ƙungiyar da ke neman sakamako kowane mako, wata huɗu bayan Genoa aka ɗora masa nauyin gaban Ghana a wasanni biyu da Najeriya, a Kumasi da Abuja, sannan ya koma Cremonese da ke fafutukar kauce wa faɗuwa, ta kuma faɗi a 2023. Wanda zai auna ɗan wasa ba tare da auna ƙasar da aka shuka shi ba, rabin awo ya yi.

Adalci ya buƙaci a ƙara da cewa ma'aunin da ya hana saurin naɗi shi ne kuma yake hana saurin binnewa. An haifi Afena-Gyan a 2003, kuma a watan Janairun 2023 ƙwallonsa ce ta taimaka wa Cremonese ta fitar da Napoli daga gasar kofin Italiya. A shekarunsa, Vardy bai shiga ƙwallon ƙwararru ba tukuna. Shi ma Kudus ba a miƙe tafiyarsa take ba: kakarsa ta biyu a West Ham ba ta kai ta farko ba, har da dakatarwar wasa biyar bayan jan katin da ya samu a karawa da Tottenham a watan Oktoban 2024.

Wanda ke biyan kuɗin gaggawa

Ghana ta fi yawancin ƙasashe sanin illar yabon wuri. A 1991 ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Italiya, aka zaɓi Nii Odartey Lamptey gwarzon gasar, aka yi ta kwatanta shi da Pelé. Ya fara da kyau a Anderlecht da PSV, daga nan ya shiga yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan, a nahiyoyi daban-daban. Daga baya shi da kansa ya bayyana yadda ƙarancin karatu ya sa ya sa hannu a takardun da bai fahimta ba, kuma ya buɗe makaranta a Accra. A 2009, a Masar, Ghana ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20, Dominic Adiyiah ya ci ƙwallo 8, ya zama gwarzon gasar kuma wanda ya fi kowa ci. AC Milan ta ɗauke shi, amma bai buga mata ko wasa ɗaya a gasar Serie A ba. Idan gasa sukutum ta matasa ba ta isa ta tabbatar da makoma ba, ina ga minti 15?

Waɗannan ma su ne masu sa'a, domin sun kai Turai sun ci abinci da ƙafarsu. Wanda ya fi shan wahala shi ne yaron da ba a taɓa jin sunansa ba, wanda aka ce masa ya riga ya isa saboda yammaci guda a filin unguwa. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, in ban da 'yan keɓantattun yanayi. Saboda haka duk wanda ya zo gidan iyaye yana neman kuɗi don ya kai ɗan shekara 15 wata ƙungiya a Turai, ya kamata a tsananta masa tambaya kafin a buɗe jaka. Ɗan jaridar da ya kira yaro sabon Abedi Pele ba ya rasa komai idan abin bai tabbata ba, zai samu wani yaron a mako mai zuwa. Mai majalisa ma haka. Asarar tana kan wanda ya bar aji, da wadda ta sayar da kayan ɗakinta.

Abin da ya dace ke nan a raba tsakanin murna da hukunci. Yabon gwani ya zama dole, kuma babu laifi unguwa ta yi ta shewa ranar da ɗanta ya ci ƙwallo. Koci ya ba shi wasa na gaba, da na gaban wannan, ya kuma kalli abin da yake yi idan ƙwallo ba ta ƙafarsa. Mai rubutu ya faɗi abin da ya gani a ranar, ya bar annabci. Iyaye kuma su bar yaro a makaranta har sai takarda ta gaske ta zo daga ƙungiya ta gaske, a samu mai ilimi ya karanta musu ita. Nima tana da cikakken dalilin alfahari da Kudus, amma abin da ya kamata yaran Kawukudi su riƙe daga labarinsa shi ne shekarun horo da suka gabaci ƙwallonsa ta farko, da watannin jinya da suka biyo bayanta, domin a cikinsu ne aka tabbatar da abin da wasan farko ya yi ishara da shi kawai.